CAJAR JABU: TAUYAYYEN MUDUN DA BA A KAI SHI GABAN SARKIN KASUWA

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dandume ko ta Bakori da kaka, lokacin da masara ke kwarara daga gonaki, ya san babu abin da ke tayar da jijiyar wuya kamar a ce an kama mai awo da tauyayyiyar tiya. Nan da nan za a yi cincirindo, ana Allah wadai, a tasa ƙeyarsa zuwa gaban sarkin kasuwa, domin kowa ya yarda cewa wanda ya bubbuge gindin kwano don ya rage wa mai saye hakkinsa ɓarawo ne, ko da kuwa ya fi kowa tsawon carbi. To amma abin mamaki, manomin nan da ba ya yarda a cuce shi da rabin tiya, shi ne zai fito daga kasuwar da kuɗin guminsa a aljihu, ya tsaya gaban mai tebur a bakin tasha, ya sayi wani tauyayyen mudun da hannunsa, ya yi godiya, ya kai gida. Wannan mudu kuwa shi ne cajar waya da igiyarta.

Mai yiwuwa ɗan uwa mai karatu ya ce, ana fama da 'yan bindiga, ana fama da tsadar taki, noma na neman gagarar talaka, wa ke ta wata caja? To ɗan uwa ya yi haƙuri ya waiwaya baya kaɗan. A watan Satumba na shekarar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Funtua da Malumfashi da Bakori da Faskari da Dandume da Sabuwa, wai don a toshe wa 'yan ta'adda hanyar sadarwa. Ba a tsaya nan ba, sai da gwamnati ta haramta sana'ar cajin waya ta kuɗi a ƙananan hukumomi da dama na jihar. Wato su kansu mahukunta sun fahimci cewa ɗan shagon nan na langa-langa mai tulin soket, da ƙaramin janareta yana kuka a bayansa, shi ne NEPAr talaka, kuma wanda ya rufe shi ya kashe wayoyin gari guda. Wanda ya rayu a yankin nan cikin waɗancan watanni bai manta da yadda mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa inda sabis yake ba, don kawai su ji muryar 'ya'yansu ko su san yadda kasuwar hatsi ta tashi.

A farkon shekarar 2023 kuma, bayan Babban Bankin Nijeriya ya canja fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, sai ga dattijon da bai taɓa leƙa banki ba ya sayar da buhun masara yana tsaye yana jiran ƙarar alat. Tun daga lokacin waya ta zama aljihu. Ita ce toci da dare, ita ce rediyo, da ita ake kiran mai mota idan naƙuda ta zo da gardama, kuma da ita mutanen wannan ƙauye ke sanar da na gaba cewa an ga baƙin babura sun nufo su. Wayar da ta mutu a irin wannan dare ba ƙaramar musiba ba ce. Sannan ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama har da Katsina suka shafe sama da mako guda cikin duhu, masu gidan sama da masu gidan ƙasa duk suka haɗu a layin mai caji. Saboda haka maganar caja magana ce ta rayuwa.

Yaya ake tauye wannan mudu? Wutar da ke fitowa daga soket ko janareta ƙarfinta bolt 230 ne ko kusa da haka, alhali waya a caji na yau da kullum bolt 5 kawai take sha. Aikin kan caja shi ne ya sauko da wannan ƙarfi, ya tace shi, ya daidaita shi, sannan ya miƙa wa waya. Babu cajar da ba ta ɓatar da wani abu a hanya, kuma ɗumin da ake ji a jikinta shi ne wutar da ta salwanta. Caja ta ƙwarai tana isar da kashi 80 ko fiye cikin 100 na abin da ta sha. Ita kuwa ta jabu, an kwashe rabin kayan cikinta tun a masana'anta don a rage kuɗi, shi ya sa idan aka ɗaga ta sai a ji ta sakayau kamar fankon ashana, kuma shi ya sa take zafi kamar an ciro ta daga murhu. Da maƙeran suka lura mutane sun fara auna nauyi a tafin hannu, sai wasunsu suka koma manna guntun ƙarfe a ciki don ta yi nauyi, daidai da mai zuba tsakuwa a gindin buhu. A jikinta kuwa an buga 2A ko 3A da manyan baƙaƙe, wato alkawarin za ta bayar da amfiya biyu ko uku, alhali wata ko ɗaya ba ta cikawa.

Ta'asar da ta fi wannan tana cikin igiya, domin ita babu mai zarginta. Duk mai noman rani a fadamun Danja ya san cewa komai ƙarfin injin ban ruwa, idan aka jona masa siririn tiyo ruwan da zai kai gona kaɗan ne, injin yana ta shan mai, tumatir yana ƙishi. Haka wuta take. Igiyar ƙwarai jan ƙarfe ne zalla a cikinta, mai kauri daidai gwargwado. Ta jabu kuwa, idan aka feɗe robar sai a tarar da 'yan silallan da ba su fi gashin kai kauri ba, wasu ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyom ne ko baƙin ƙarfe aka shafa masa launin ja. Alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, baƙin ƙarfe kuwa ko kusa da haka bai kai ba. Sakamakon shi ne ƙarfin wutar yana zubewa a hanya, wayar ta ji abin da ke iso ta ya yi rauni, sai ta rage sha. Ɗan uwa ya yi lissafi da kansa. Batirin galibin wayoyin Tecno da Infinix da Itel na shafa da ke hannun samari yana ɗauke da lamba 5,000. Idan yana samun amfiya 2, cikin awa uku ko ƙasa da haka ya cika. Idan igiya ta tauye shi zuwa rabin amfiya, sai ya nemi awa goma. Alamar caji tana nan tana haske, mai waya hankalinsa kwance, bai san ɗigo ake yi masa ba.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ke biyan kuɗin waɗannan awoyi? Wutar da batir irin wannan ke sha kafin ya cika, har da wadda ke salwanta, ba ta wuce ɗaya bisa arba'in na yunit guda ba. Ko da farashin Naira 225 da aka ɗora wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilu na 2024 aka yi lissafi, cajin bai kai Naira 6 ba. To kowa ya san nawa yake miƙa wa mai shagon caji a Kafur ko Tsiga ko Dabai, kuma ya san ya ninka wannan sau da yawa. Ba kuwa laifin mai shagon ba ne, domin shi ba daga KEDCO yake samun wutarsa ba, daga jarka yake samunta. Man fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafi, sai da ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Shi kuwa ƙaramin janareta ba ya ƙirga waya, awa yake ƙirgawa. Ko waya goma ke jone ko hamsin, yana nan yana zuƙar mai. Kowace lalatacciyar igiya da ta riƙe soket awa shida a maimakon biyu ta hana wasu mutum biyu samun wuri, ta kuma tilasta wa mai shago ƙara mai, shi kuma ya ƙara kuɗi. Wanda ya koma sola ma bai tsira ba, domin da damina hadari na iya rufe rana yini guda, ɗan abin da batirinsa ya tara kuma caja mai zafi ta ƙone shi a banza.

Ga inda zaluncin yake. Bature mai wuta dare da rana, idan cajarsa ta yi jinkiri ba abin da ya dame shi, zai jona ta ya kwanta. Wanda ake kawo wa wuta awa biyu tsakar dare, ko wanda ya yi tafiyar kilomita biyar ya bar wayarsa a shago zuwa la'asar, shi ne kowane minti ke da daraja a gare shi. Amma sai ya zama wanda ya fi kowa ƙarancin wuta shi aka ware wa kayan da suka fi ɓarnatar da ita. Ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 200 amma wutar da ake rarraba musu ta daɗe tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ita ce ya kamata ta fi kowa tsanani a kan ingancin caja, ba Turai ba.

Ba a ma zo maganar rai ba. Tsakanin bolt 230 da ke shiga caja da bolt 5 da ke fita akwai shinge, kuma wannan shingen shi ne ke tsakanin mai waya da kabari. A shekarar 2016 kamfanin gwajin kayan wuta na UL ya gwada cajojin jabu 400 da aka yi wa tambarin Apple, uku kacal suka tsallake gwajin wannan shinge. Uku cikin ɗari huɗu! Duk wanda ya taɓa jin waya tana ɗan cizonsa a kunne lokacin da take caji, ko ya ga fuskarta tana danna kanta kamar mai aljanu, to gurɓatacciyar wuta ce ke kutsowa, kuma ita ce ke kumbura batir ta ƙone wurin caji, a kai wa mai gyara a sake biya. Sai a haɗa wannan da ɗabi'ar samari ta tura waya ƙarƙashin matashin kai tana jone, a kan katifar soso, a ɗakin da aka jibge buhunan auduga ko aka kewaye da zana, ga wutar NEPA da kan dawo da ƙarfin hauka. Allah Ya kiyaye.

To su waɗanda suka ƙirƙiro waɗannan kaya me suka yi wa kansu? Waɗanda suka riski shigowar wayar salula ƙasar nan a shekarar 2001 za su tuna yadda kowane kamfani ke da nasa baki. Nokia da mai kaurin baki da mai siriri, Motorola da nata, Sony Ericsson da nata mai faɗi, Samsung kuwa kusan kowace waya da irin tata. Baƙo ya kwana a gidanka wayarsa ta mutu, ga cajoji biyar a ɗaki babu wadda ta shiga. Wannan ba kuskure ba ne, dabara ce ta 'yan jari hujja, don wanda ya sayi waya ya zama bawan kamfani har a kan igiya. Ƙasar Sin tun a 2006 ta fitar da ƙa'idar caji ta hanyar USB. A shekarar 2009 Tarayyar Turai ta matsa wa manyan kamfanoni lamba suka sa hannu a yarjejeniya, nau'o'in caja suka sauko daga kusan 30 zuwa uku. Kamfanin Apple kuwa ya zille, a 2012 ya fito da nasa baki mai suna Lightning, ya yi shekaru yana kukan cewa wai doka za ta kashe ƙirƙira.

Da lallashi ya ƙi, sai aka ɗauko sanda. Ranar 4 ga Oktoba, 2022, majalisar dokokin Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'a, mutum 602 suka amince, 13 suka ƙi, cewa daga ranar 28 ga Disamba, 2024, duk sabuwar waya da kyamara da abin sauraro na kunne da makamantansu da za a sayar a ƙasashensu dole su zo da baki guda, wato USB-C, wanda samari ke kira Taif Si, aka kuma sa wa kwamfutar cinya wa'adin Afrilu na 2026. Hujjarsu ita ce cajojin da ake zubarwa a Turai sun kai tan 11,000 a shekara, kuma dokar za ta rage wa mutanensu asarar kusan Yuro miliyan 250 duk shekara. Shi kuma Apple mai kukan ƙirƙira, bai ma jira wa'adi ba, a watan Satumba na 2023 ya fito da iPhone 15 da bakin kowa da kowa. Saudiyya ita ma ta bi sahu daga ranar 1 ga Janairu, 2025. Ban da maganar baki, tun a 2019 Turai ta kafa doka a kan yawan wutar da caja za ta iya ɓatarwa, har ta ƙayyade cewa ƙaramar cajar da aka bari a soket babu waya a jikinta kada ta sha fiye da ɗaya bisa goma na wat guda. Ɗan uwa ya dubi wannan, mutanen da wuta ta ishe su ne ke ƙirga ɗigonta.

Kada wani ya ɗauka sun yi haka ne don son talakan Afirka. Don kansu suka yi, kuma ba za a zarge su ba. Amma masana'antun da ke ƙera tarkacen ba su rufe ba, kayan da ƙofar Turai ta ƙi karɓa dole su nemi ƙofar da babu mai gadi, daga Guanzu zuwa tashar Apapa, daga nan Alaba da Ikeja, daga nan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, har su iso tebur a tashar Funtua da ta Malumfashi. Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, aka yi ta kumfar baki, aka kafa dokoki, ƙasashen Afirka suka haɗu a Bamako a 1991 suka sa hannu cewa nahiyar ba juji ba ce. Yau jujin ba a ganga yake zuwa ba, a cikin kwali mai ƙyalli yake zuwa, kuma da kuɗi ake saye. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A nan kuwa an san inda matattun igiyoyi ke ƙarewa. Ko dai a kwata su toshe ta, ko a hannun yara 'yan jari bola su cinna musu wuta a bayan gari don su ciro ɗan jan ƙarfen da za su kai wa 'yan gwangwan, suna shaƙar baƙin hayaƙin roba mai guba. Abin takaici, wani lokaci bayan duk wannan wahala su tarar ba jan ƙarfen ba ne ma.

Baki guda alheri ne, babu ja. Waya ɗaya ta ara wa ɗaya, mai shagon caji ya huta da tara igiyoyi kala-kala kamar mai sayar da tsintsiya, wanda ya canja waya ba sai ya canja caja ba. Kuma wannan alheri zai iso ƙasar nan ko da doka ko babu, domin kamfanoni ba za su daɗe suna ƙera iri biyu ba, ko da yake ƙananan wayoyi masu madannai da talakan ƙauye ya fi riƙewa da yawansu suna nan da tsohon baki. Sai dai kama da wane ba ta wane. Igiyar Taif Si ta ƙwarai da ta jabu bakinsu ɗaya, kamanninsu ɗaya, bambancin yana ciki inda ido ba ya gani. Hasali ma haɗarin ya ƙaru, domin wannan baki an yi shi ne ya ɗauki wuta mai yawa, wat 60 a igiyar yau da kullum, wat 100 har zuwa 240 a wadda aka sa wa wata 'yar na'ura a kai. A shekarar 2016 wani injiniyan kamfanin Google da ya ɗauki gwajin irin waɗannan igiyoyi a matsayin aiki, igiya guda ta ƙone masa kwamfuta, har kamfanin Amazon ya haramta sayar da waɗanda ba su cika ƙa'ida ba a shagonsa. Idan injiniya a Amurka ya faɗa wannan rami, ina ga ɗan acaɓa a Malumfashi?

Akwai kuma wata sabuwar dabara. Daga shekarar 2020 Apple ya daina sa kan caja a kwalin waya, Samsung ya bi shi a 2021 a manyan wayoyinsa, wai don kare muhalli, tunda kowa yana da tsohuwa a gida. Kowa wa? Mai durowa cike da cajoji ko wanda yau ya fara riƙe waya? Ƙasar Burazil ba ta yarda da wannan zaƙin baki ba, a 2022 ta ci Apple tara ta ce waya babu caja kaya ne da bai cika ba. A nan kuwa, yawancin manyan wayoyin da samari ke rububi na gwanjo ne, tsirara suke zuwa, babu kwali babu igiya. Saurayi ya sayar da buhun waken suya biyar ya sayi waya, ya zo wajen caja ya ce a ba shi mafi araha. Wannan kam ba talauci ba ne, rashin lissafi ne, kamar mai sayen ingarman doki ya ɗaure shi da zaren ɗinki. Shi talakan da abin da ke hannunsa ke nan ba za a zarge shi ba, amma ko shi ya ƙirga sau nawa ya sayi ta arahar daga kaka zuwa kaka, zai ga ya biya kuɗin ta ƙwarai har da riba. Araha dai ba ta ado.

Ina mahukunta? Ba a rasa hukumomi ba. Akwai SON mai kula da ingancin kaya, wadda tun a 2005 ta fito da tsarin SONCAP na tantance kaya kafin su baro ƙasar da aka ƙera su. Akwai NCC mai amincewa da nau'in kayan sadarwa. Akwai Kwastam a kowace ƙofa. Akwai NESREA da dokarta a kan sharar kayan lantarki. To idan duk waɗannan suna nan, ta wace ƙofa cajar da ba ta da ko sunan maƙerinta ta shigo har ta kai Ƙanƙara? Jami'in da zai iya tare ɗan kasuwa a hanyar Jibiya saboda buhun shinkafa biyu, yaya kwantena guda ke wuce shi? A shekarar 2024 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Funtua, aka yi ta murna cewa kaya za su riƙa sauka a ƙofar gida. Madalla. Amma idan ba a ajiye ma'aunin gwaji a wurin ba, an dai rage wa juji nisan tafiya ne kawai.

Sai dai ba komai za a jingina wa gwamnati ba, domin wanda ke miƙo kayan a kan tebur ba Bature ba ne, ba kuma ɗan Sin ba ne, ɗan unguwa ne da ake haɗa sahu da shi. Ya san abin da ya saro. Ya san wadda ke sama don talla da wadda ya ɓoye a ƙasan tebur don wanda ya san kan abin. Babu laifi mutum ya sayar da mai arha, muddin ya faɗi gaskiya cewa wannan ta maneji ce, ba za ta yi sauri ba, ba za ta daɗe ba. Laifin shi ne ya ɗaga ta ya ce orijina ce, har ya haɗa da rantsuwa, saboda ribar da ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba. Sura guda aka saukar a kan masu tauye awo, kuma babu malamin da ya ce hukuncin ya tsaya a kan gero da dawa. Wanda ya rubuta amfiya uku ya bayar da ɗaya, da wanda ya sani ya sayar a haka, me ya raba su da mai bubbuge gindin tiya? A garuruwan Musulmi na da akwai muhtasibi, wanda aikinsa ke nan ya zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli, ba ya jiran sai an kawo ƙara.

Kuma mudun wannan kaya yana nan, ba sai an je Turai ba. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi babban yatsa girma ba, wadda da yawa daga masu gyaran waya suna da ita a kan teburinsu. Ana jona ta tsakanin caja da waya, nan take ta nuna bolt nawa ke fita, amfiya nawa ke wucewa. Kuɗinta bai kai na buhun taki ba, ko kusa. Me zai hana ƙungiyoyin masu sayar da waya da masu gyara a Funtua da Malumfashi su ajiye irinta a bakin kasuwa, duk wanda ya sayi caja ya je a auna masa a gaban mai kaya, kamar yadda ake juye buhu a sake awo idan an yi gardama? Wata guda aka yi ana haka, masu saro tarkace za su canja hanya da kansu, domin dillalin Kano abin da ake nema yake aikowa. Shi ma mai shagon caji, da zai gwada igiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya ya fitar da masu ɗigo, a jarkar mansa zai fara ganin bambanci.

Kafin a kai ga haka, saurayin da ya yi karatu shi ne idon gidansu, shi ake aike, shi tsoho ke miƙa wa waya ya ce duba mini. Ya jona cajar a gaban mai kaya kafin ya biya, ya jira minti goma ya ga lamba nawa ta ƙaru, ya taɓa kan ya ji ko ya fara zafi. Ya zaɓi igiya gajera mai kauri a kan doguwa siririya, domin tsawo ma yana cin wuta. Idan ya ji tana ƙara kamar kukan sauro, ko fuskar waya ta fara rawa, ya mayar. Idan waya ta cika ya zare kan daga soket, musamman inda sola ce. Wadda ta mutu kuma, kafin ya jefar ya feɗe ta da reza, ya kanga mata maganaɗisun tsohuwar lasifika. Jan ƙarfe ba ya bin maganaɗisu. Idan silallan suka manne, ya ɗauke su haka nan ya koma wurin wanda ya rantse masa cewa orijina ce, ranar kasuwa, lokacin da teburin ya cika da mutane.